A tambayi ɗan wasa tun yana raye

Mu da ke zaune a nan kudu mun san yadda filin dambe ke cika ranar hutu, mun kuma san yaranmu nawa ke burin zama 'yan ƙwallo. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna wata magana da ta daɗe tana tayar da ƙura a Amurka da Ingila. Idan ɗan wasa ya rasu, ana zargin dukan da ya sha a kai ne ya lalata masa ƙwaƙwalwa, wa ke da ikon buɗe sirrin jikinsa, kuma wa ya kamata ya ji sakamakon?

Ɗan ƙasarmu ne ya buɗe wannan babi. A 2002, Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra da ke aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh, ya duba gawar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa hular kwano ana karo da juna. Webster ya mutu yana da shekara 50, bayan ya yi shekaru cikin mantuwa da ruɗewa, har ya kai ga kwana a mota. A ido ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna komai ba. Sai da Omalu ya yanka ta siriri ya duba da madubin likita, sannan ya ga wani sinadari mai suna tau ya taru a cikinta. Ya wallafa binciken a 2005, cutar kuma ita ce ake kira CTE a taƙaice. Wasu likitocin hukumar wasan ta NFL suka nemi a janye rahoton. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne har yau ba a iya tabbatar da wannan cuta a jikin mai rai. Dole sai an mutu, an ciro ƙwaƙwalwa an duba. Ke nan duk ilimin da zai ceci masu rai a hannun mamata yake, su kuwa ba su da bakin cewa i ko a'a.

Wasu sun yi magana kafin su tafi. Dave Duerson, wani tsohon ɗan wasan NFL, ya kashe kansa a 2011, ya bar saƙo cewa a miƙa ƙwaƙwalwarsa a bincika, aka kuma samu cutar. Wannan babu gardama a kan izini. Na Jeff Astle, tsohon ɗan wasan West Brom da Ingila wanda ya yi suna wajen cin ƙwallo da ka, iyalinsa ne suka ɗauki maganar. Ya rasu a 2002 yana da shekara 59 bai ma san ya taɓa buga ƙwallo ba, kuma mai binciken sanadin mutuwa ya ce sana'arsa ce ta kashe shi. A 2014 aka sake duba ƙwaƙwalwarsa aka samu CTE. Da iyalin sun rufe bakinsu don kunya, da wuya hukumomi su motsa. A 2019 wani bincike a Jami'ar Glasgow ya nuna tsoffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Scotland sun fi sauran mutane mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da kusan ninki uku da rabi, a 2020 kuma aka hana yaran firamare atisayen buga ƙwallo da ka a Ingila.

To amma akwai ɗaya gefen, kuma mu Hausawa mun fi kowa saninsa. Da zarar an liƙa wa mamaci sunan ciwon ƙwaƙwalwa, sai a koma ana fassara rayuwarsa kaf da shi. Sakin aure, faɗa da maƙwabci, bashin da ya ci, duk sai a ce ai dama kansa ba daidai ba ne. A unguwanninmu kuwa maganar ba ta tsayawa kan mamaci. Gobe in an zo binciken auren 'yarsa, wani zai rada cewa gidan akwai taɓin hankali, alhali duka ne ya jawo, ba gado ba. Mamaci ba zai tashi ya wanke kansa ba. Ko a Amurka dokar sirrin marar lafiya tana kare bayanansa har shekara 50 bayan mutuwa. Mu kuma addininmu ya girmama gawa, ya umarce mu da gaggauta jana'iza da rufa asirin mamaci, har mai wankan gawa ba a yarda ya fito yana ba da labarin abin da ya gani ba. Malamai da dama sun halatta binciken gawa idan akwai larura, amma larura ba ta nufin a baza sakamako a Facebook.

Matsayinmu shi ne a raba ilimi da suna. Jama'a na da haƙƙin sanin cewa wasa kaza na lalata ƙwaƙwalwa, da yawan waɗanda aka samu da cutar. Ba su da haƙƙin sanin cewa wane ɗan wane ne, sai in shi ya yarda tun yana raye, ko magadansa sun yarda bayansa. Binciken Jami'ar Boston na 2017 ya samu cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsoffin 'yan NFL, kuma adadin kaɗai ya girgiza duniya ba tare da an jera sunaye ba. (Ko da yake a lura, iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar, don haka ba a cewa kowane ɗan wasa haka yake.)

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne masu cin riba su fake da sirrin marar lafiya. Sirrin na ɗan wasa ne da iyalinsa, ba na kulob ko mai shirya wasa ba. Idan matar mamaci ta nemi takardun asibitin mijinta don ta san sau nawa ya suma a fili aka tashe shi ya ci gaba, a ba ta. Wanda ya hana ta yana cewa sirri ne, aljihunsa yake karewa.

Mu dawo kan dambe. Hannun da aka naɗe da igiya kai yake nema, kuma 'yan kallo ba su tashi da ihu sai an yi kisa. Yanzu damben ya shiga intanet, ana ɗaukarsa ana samun kuɗi. Muna kira ga masu shirya wasa a unguwanninmu da su buɗe littafi, su riƙa rubuta duk wanda ya suma ko ya ruɗe, da ranar da abin ya faru. Wanda ya faɗi yau kada a bar shi ya shiga gobe, a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake, don amai, ciwon kai da yawan barci bayan duka ba abin wasa ba ne. Littafin ya zama amana, ɗan damben da likitansa kaɗai ke gani. Sannan a zauna da kowane ɗan wasa da ransa da lafiyarsa, a gaban waliyyinsa da malamin da ya yarda da shi, a tambaye shi: in ta Allah ta kasance, ka yarda likita ya duba, kuma ka yarda a faɗi sunanka? A rubuta amsarsa, ya sa hannu, a ba iyalinsa kwafi.