Bas Mai Lantarki a Birnin Kano: Ina Rabon Mutumin Masanawa?

Gabatarwa

Hausawa kan ce zamani riga ne. Rigar da manyan biranen duniya suke yayi a yau ita ce ta bas mai aiki da lantarki. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya gama mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki tun 2017. Legas ta fara gwaji a 2023. A watan Disamba na wannan shekarar aka ƙaddamar da motocin haya 107 masu lantarki da masu iskar gas a Maiduguri, a 2024 kuma Dakar ta Senegal ta buɗe hanya mai tsawon kilomita 18 wadda bas-bas masu lantarki kaɗai ke bi. Ko shakka babu, gari mai kasuwa da jama'a irin Kano ba zai zama ɗan kallo ba. Abin da wannan maƙala take son ta nuna shi ne, duk shirin da za a yi, in ya tsaya iyakar birni da kewaye, to, an yi tuya an manta da albasa. Za a ɗauki Masanawa, ta Ƙaramar Hukumar Kabo, a matsayin ma'auni.

Wanda Tsadar Mai Ta Fi Ƙona

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta kai naira 1,000. Kowa ya ji a jikinsa, amma ba daidai aka ji ba. Mutumin birni, idan abin ya gagara, yakan taka da ƙafa daga Kabuga zuwa Kurmi. Mutumin Masanawa ba shi da wannan zaɓi. Idan matarsa ta kwanta ciwon da ya fi ƙarfin asibitin Gwarzo, sai Kano. Idan ɗansa ya sami shiga jami'a, sai Kano. Bugu da ƙari, yakan biya kuɗin mota sau biyu ba tare da ya sani ba: ɗan kasuwa ya rage masa farashin buhun masara saboda kuɗin dako, sannan ya ƙara masa kuɗin taki da sabulu saboda wannan dalilin dai. Ashe ke nan wanda ya fi buƙatar mota mai sauƙi shi ne wanda ya fi nisa da birni.

Dacewar Titin Gwarzo

Wani zai ce bas mai lantarki ta cikin gari ce, ba ta doguwar tafiya ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta shafi wannan hanya ba. Tsakanin Kano da Gwarzo kimanin kilomita 70 ne, wato 140 zuwa da dawowa, alhali bas ɗin wannan zamani takan yi sama da kilomita 200 da caji guda. Titin kuma ya bi ta Rijiyar Zaki da Sabuwar Jami'ar Bayero da Janguza da ƙasar Rimin Gado da ta Kabo, saboda haka ba a rasa fasinja safe da yamma: ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu zuwa dubiya. Ribar irin wannan mota a yawan tafiya take. Tana da tsada wajen saye, amma ba ta shan mai, ba ta buƙatar juyen baƙin mai, kayan injinta kuma kaɗan ne. Duk kilomitar da ta yi cike da mutane, bashin sayenta take ragewa. Hanya mai tsayayyen fasinja irin ta Gwarzo ta fi yi mata riba bisa ga zaman jira a cunkoson Bata.

Wuta Kafin Mota

Sai dai fa ba a fafe gora ranar tafiya. Bas mai lantarki da babu wuta, gara jaki da ita. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar Kano cikin duhu fiye da mako guda. Da a ce sufurin jihar ya dogara ga wannan layi, da gari ya tsaya cik. Idan kuwa aka koma yin caji da janareta mai shan man gas, an gudu ne ba a tsira ba. Don haka wajibi ne kowace tashar caji ta sami wutar kanta. A nan ma karkara ta fi birni abin yi. Tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a watan Janairun 2023 ta nuna cewa ranar Kano dukiya ce. Irin wannan aiki fili yake ci, filin da ya yi tsada a Fagge kuma yana nan a ƙasar Kabo da Gwarzo. Daɗin daɗawa, tashar da ta caja bas da rana za ta iya haska asibitin gari da dare, ta kuma tayar da injin niƙa. Haka kuma dole a yi wa motocin rumfa, domin zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, yana rage wa batir kwana.

Masu Cin Abinci a Tasha

Akwai wani tsoro da bai kamata a raina ba, wato na direbobin hayis da yaran mota da 'yan kamasho da makanikai. Kano ta taɓa ganin irin wannan sauyi a 2013, sa'ad da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni. Waɗanda suka sami A Daidaita Sahu sun miƙe, waɗanda suka rasa kuwa sun sha wuya. Darasin a fili yake: a fara da mutane kafin ƙarfe. A koya wa makanikan Gwarzo da Kabo aikin batir da waya tun motocin ba su iso ba, a ba ƙungiyoyin direbobi bashi mai sauƙi su mallaki wasu, a bar wa ƙananan motoci da babura aikin kwaso mutane daga ƙauyuka zuwa bakin titi. Motar da sai an ɗauko injiniya daga Legas kafin a gyara ta, a bayan tasha za ta ƙare, kaji na kwana a ciki.

Kammalawa

A taƙaice, ba yawan bas-bas ɗin da aka jera ranar biki ne zai nuna nasara ba. Abin dubawa shi ne, shekara biyu bayan an watse, nawa manomin Masanawa yake biya ya kai mara lafiyarsa Kano, kuma nawa ya rage masa a kuɗin buhunsa. Birnin da ƙauye yake ciyarwa bai kamata ya hau sabuwar mota ya bar mai ciyar da shi a bakin hanya ba.