Kamila Valieva: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

A ranar 7 ga watan Agustan 2024, a wani dandali da ke kallon hasumiyar Eiffel a birnin Paris, aka rataya wa 'yan wasan Amurka da na Japan lambobin zinare da azurfa na wata gasa da aka kammala tun ranar 7 ga watan Fabrairun 2022 a birnin Beijing na ƙasar Sin. Watau sai da bayin Allah suka yi jiran shekara biyu da rabi cur kafin haƙƙinsu ya shigo hannunsu. Abin da ya jawo wannan jinkiri kuwa shi ne shari'ar wata yarinya 'yar ƙasar Rasha mai suna Kamila Valieva, wadda a lokacin gasar shekarunta 15 kacal a duniya, aka kuma samu haramtaccen magani a cikin fitsarinta.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da wasan ƙanƙara, mu da ƙanƙarar da muka sani ita ce ta sanyaya ruwa da zoɓo? Gaskiya ne, amma tambayar da ke cikin wannan al'amari ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ke tsallaka iyaka da kaya. Idan aka kama yaron mota da kayan da doka ta hana, shi ake tsarewa, alhali mai kayan da wanda ya yi lodin suna gida suna shan iska. To, haka ta kasance da wannan yarinya. An yi shari'a, an yanke hukunci, amma a cikin duk waɗanda ke kewaye da ita, ita kaɗai hukuncin ya hau.

Da farko bari mu ɗan bayyana wasan. Ana yin sa ne a kan wani fili da aka daskarar da ruwa, mai tsawon kimanin mita 60 da faɗin mita 30. Ɗan wasa zai sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙarƙashinsa kamar bakin wuƙa, ya riƙa zamiya yana bin kiɗa, yana juyi yana tsalle, alƙalai suna ba shi maki gwargwadon wuyar abin da ya yi da kuma kyansa. Akwai gajeren zagaye na minti 2 da daƙiƙa 40, akwai kuma dogo na minti 4. Abin da ya fi kawo maki shi ne tsallen da mutum zai tashi sama ya juya sau huɗu cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sannan ya dira da ƙafa guda ba tare da ya faɗi ba. A da maza ne kawai aka sani da irin wannan tsalle a manyan gasanni, har sai da ƙananan 'yan matan Rasha suka mayar da shi abin yau da kullum.

An haifi Kamila ranar 26 ga watan Afrilun 2006 a birnin Kazan, hedkwatar yankin Tatarstan, kuma ita 'yar ƙabilar Tatar ce. Tun tana 'yar shekara uku aka ɗora ta a kan ƙanƙara, tana da shekara shida aka koma da ita birnin Mosko domin neman horo mai zurfi. A shekarar 2018 ta shiga hannun fitacciyar mai horarwa Eteri Tutberidze a makarantar wasanni ta Sambo-70. Shekara biyu bayan haka, a 2020, ta zama zakarar duniya ta matasa a birnin Tallinn na ƙasar Estoniya. Da ta shiga sahun manya a kakar 2021 zuwa 2022 sai ta riƙa kafa tarihi tana rushewa da kanta. A watan Nuwamban 2021 a birnin Sochi ta haɗa maki 272.71, adadin da babu wata mace da ta taɓa kaiwa a ƙarƙashin tsarin makin da ake aiki da shi. Ta ci gasar ƙasar Rasha a Disamba, ta ci ta nahiyar Turai a Janairu, ta nufi Beijing kowa na ganin zinare nata ne.

Sai dai wanda ya san tarihin makarantar da ta fito ya san cewa daɗin gidan ba ya daɗewa. Yulia Lipnitskaya ta samu zinaren ƙungiya a Sochi a 2014 tana da shekara 15, ta bar wasa a 2017 tana da 19 bayan ta yi jinyar cutar ƙin cin abinci. Alina Zagitova ta ci zinaren Olamfik a 2018 tana da shekara 15, ta dakatar da shiga gasa a ƙarshen 2019 tana da 17. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jikin yarinyar da ba ta gama balaga ba ya fi sauƙin juyawa a sama saboda rashin nauyi da sirantaka, da zarar jiki ya fara cika sai tsallen ya fara gagara, ga kuma ciwon baya da na gwiwa. Kafin a ankara wata ƙaramar ta taso ta maye gurbi. A yaren kasuwa, kaya ne masu saurin lalacewa da ake gaggawar sayarwa kafin su juya.

A Beijing, a gasar ƙungiya-ƙungiya, Kamila ta zama mace ta farko a tarihin Olamfik da ta yi tsalle mai juyi huɗu ta dira lafiya, tawagar Rasha kuma ta zo ta ɗaya da maki 74, Amurka na da 65, Japan 63, Kanada 53. Washegari aka ɗage bikin ba da lambobi ba tare da cikakken bayani ba. Daga baya ta bayyana cewa fitsarin da aka ɗauka daga jikinta tun ranar 25 ga Disamban 2021, a gasar ƙasa da aka yi a birnin St. Petersburg, ya nuna alamun wani magani mai suna trimetazidine. Wannan magani masu ciwon zuciya ake bai wa, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi ga 'yan wasa tun 2014, bisa ganin yana iya ƙara juriya. Abin mamaki shi ne sai da sakamakon ya yi kimanin mako shida kafin ya fito daga ɗakin gwajin da ke ƙasar Suwidin, inda aka ɗora laifin a kan ƙarancin ma'aikata saboda cutar korona. Da ya fito a kan kari, da yarinyar ba ta ma je Beijing ba.

Ranar 14 ga Fabrairu kotun sauraren ƙararrakin wasanni ta duniya, CAS, ta ce a bar ta ta shiga gasar mata ta ɗaiɗaiku, saboda ƙarancin shekarunta da kuma jinkirin da ba ita ta jawo ba. Kwamitin Olamfik na duniya ya ce idan ta shiga cikin ukun farko ba za a yi bikin lambobi ba. Ta zo ta ɗaya a gajeren zagaye, amma a dogon zagaye ranar 17 ga wata, bayan kwanaki idon duniya na kanta, ƙafarta ta ƙi tsayawa, ta faɗi sau biyu, ta ƙare ta huɗu tana kuka. Kyamara ta ɗauko mai horar da ita tana tuhumarta dalilin da ya sa ta karaya maimakon ta rarrashe ta, lamarin da shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, ya fito fili ya ce ya tayar masa da hankali. A wannan dare Anna Shcherbakova da ta ci zinare ta zauna ita kaɗai babu mai taya ta murna, Alexandra Trusova da ta yi tsalle mai juyi huɗu har sau biyar ta samu azurfa tana sharɓar kukan baƙin ciki. Duka ukun 'yan gida ɗaya ne, kuma babu wadda ta kai shekara 18.

Daga nan aka shiga doguwar shari'a. Lauyoyinta sun ce maganin na kakanta ne mai ciwon zuciya, kuma ya shiga jikinta bisa kuskure ta hanyar wani kayan zaƙi da ya haɗa mata a kan katakon da yake farfasa ƙwayoyinsa. A watan Janairun 2023 kwamitin ladabtarwa na hukumar Rasha ya ce ba ta da laifi. WADA da hukumar wasan ta duniya, ISU, suka ɗaukaka ƙara, ranar 29 ga Janairun 2024 kuma kotun CAS ta dakatar da ita na shekara huɗu, daga 25 ga Disamban 2021 zuwa ƙarshen Disamban 2025, ta soke duk nasarorin da ta samu daga wannan rana. Kotun ta ce ba a kawo hujjar da ta tabbatar da labarin kakan ba. Da aka cire maki 20 da ta samar wa tawagarta, Rasha ta sauko ta uku da maki 54, ta tsere wa Kanada da maki ɗaya tak. Kanada ta kai ƙara, aka yi watsi da ita a watan Agustan 2024.

Masu goyon bayan hukuncin suna da hujja mai ƙarfi. Dokar wasanni ta ce duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa, domin idan aka buɗe ƙofar uzuri kowa zai zo da labarin kakansa. Sannan suna cewa idan ƙuruciya ta zama kariya, to an nuna wa miyagun masu horarwa hanya ke nan, su riƙa ɗirka wa yara magani suna fakewa da shekarunsu. Bugu da ƙari, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rasha ta je Beijing ne ba tutarta ba takenta, saboda badaƙalar musanya fitsarin 'yan wasa a Sochi a 2014, wadda rahoton Richard McLaren na 2016 ya tona. Ƙasar da ke da irin wannan tarihi, da wuya a karɓi uzurinta.

Su kuwa Rashawa cewa suke yi siyasa ce. Shugaba Vladimir Putin ya kare ta a bainar jama'a a fadar Kremlin a watan Afrilun 2022, aka kuma gan ta kusa da shi a wani bikin wasanni a Kazan a Fabrairun 2024. Suna nuna cewa sauran gwaje-gwajen da aka yi mata, har da na Beijing, ba su nuna komai ba. Maganarsu ta ƙara samun gindin zama a watan Afrilun 2024, lokacin da aka fallasa cewa 'yan wasan ninƙaya 23 na ƙasar Sin an same su da wannan magani dai a farkon 2021, amma aka amince cewa daga kicin ɗin otal ya shiga abincinsu, aka bar su suka ci gaba da gasa. Ko da hujjojin shari'un biyu sun bambanta, mai kallo daga nesa zai ga kamar mudun awo biyu ne a kasuwa ɗaya.

Amma a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Takardun kotun sun nuna cewa tsakanin Janairun 2020 da Disamban 2021, watau daga tana shekara 13 zuwa 15, an ba yarinyar nan magunguna da sinadaran ƙarin lafiya iri 56. Ba a ce haramtattu ba ne, amma abin tambaya a nan shi ne, yarinya mai waɗannan shekaru ita ke zaɓar abin da take haɗiya? Dokar WADA ta tanadi cewa idan ƙaramin yaro ya faɗa irin wannan hali dole a binciki manyan da ke kula da shi. Ba mu ce wane ko wance ne ya ba ta maganin ba, domin babu kotun da ta kama mai horarwa ko likita da laifi. Abin da muke cewa shi ne shari'ar ta ƙare ba a gano yadda maganin ya shiga jikinta ba, aka hukunta wadda ta fi kowa rauni, aka naɗe tabarma. Ita kanta WADA, bayan hukuncin, ta nemi gwamnatoci su mayar da bai wa yara irin waɗannan ƙwayoyi laifin da za a gurfanar da mutum a kansa.

Gyara ɗaya tak na zahiri da ya biyo baya shi ne na shekaru. A watan Yunin 2022 hukumar ISU ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 16 a kakar 2023, sannan zuwa 17 daga kakar 2024. Wannan na nufin hanyar da Lipnitskaya da Zagitova da Kamila suka bi zuwa Olamfik suna da shekara 15 ta toshe. Ita kuwa Kamila, tun kafin hukuncin ƙofar waje ta rufe mata, domin a watan Maris na 2022 an hana 'yan Rasha shiga gasannin ISU saboda yaƙin Yukren, don haka gasannin cikin gida kawai ta riƙa yi, su ma aka soke sakamakonsu. A wasan da ake tsufa a shekara 18, dakatarwar shekara huɗu kusan ɗaurin rai da rai ce.

Kada mu ɗauka abin na can nesa ne. A gasar ƙasashe renon Ingila ta 2014 a birnin Glasgow, an ƙwace zinaren ɗaga nauyi daga hannun 'yar Nijeriya Chika Amalaha tana da shekara 16, bayan an samu haramtattun magunguna a jikinta, kuma sunanta ne ya zagaya duniya. Duk inda ake neman suna da kuɗi da ƙarfin yaro, ko a filin wasa ne ko a hanyar kasuwa, ya kamata doka ta fara tambayar wanda ya aike shi, kuma iyayen da ke miƙa 'ya'yansu ga masu horarwa ko iyayen gida su riƙa bin sawun abin da ake ba su da abin da ake ɗora musu. Allah Ya kyauta.