Maganin kurajen fuska a hannun masu haɗi

Daga cikin magungunan da likitocin fata suka daɗe suna dogaro da su a kan kurajen fuska, waɗanda kan kama samari da 'yan mata tun farkon balaga har su bi wasu zuwa shekara talatin da ɗoriya, babu wanda hujjar amfaninsa ta fi ta man shafawar da ake kira tretinoin ƙarfi, kuma babu wanda ake saɓa wa ƙa'idarsa a ƙasar nan kamarsa. Daga dangin bitamin A yake. Albert Kligman, likitan fata a Jami'ar Pennsylvania, shi da abokin aikinsa James Fulton ne suka tabbatar da fa'idarsa a ƙarshen shekarun 1960, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta halatta sayar da shi a 1971 da sunan Retin-A. Adalci ya wajabta a ambaci cewa wannan Kligman ɗin ya yi ta gwada magunguna, daga 1951 zuwa 1974, a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg na birnin Filadelfiya, akasarinsu baƙar fata, abin da jami'ar ta fito ta nemi gafararsa a 2021.

Ƙurji kan fara ne sa'ad da matacciyar fata da maiƙo suka toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cuta suka sami mafaka a ciki, wurin ya kumbura. Aikin wannan magani shi ne ya hanzarta sabuntawar fata ya hana toshewar tun daga tushe, don haka ya fi ƙarfi wajen hana sabon ƙurji fitowa bisa ga warkar da wanda ya riga ya nuna. Daga baya aka lura cewa masu shafa shi tamojin fuskarsu na raguwa, tabon da rana ta bari yana dusashewa. Likitocin Jami'ar Michigan suka tabbatar da haka a 1988, aka halatta shi domin wannan buƙata a 1995. Mu da Allah ya suturta fatarmu da baƙi, ɓarnar rana ta fi bayyana gare mu ta hanyar dabbare-dabbare da duhun kumatu da goshi, tamoji kuwa sai shekaru sun tura.

To, amma magani ne mai sharuɗɗa, kuma kamar yadda malaman fiƙihu suka karantar da mu, abin da aka rataya a kan sharaɗi ba ya inganta idan sharaɗin ya faɗi. Da dare ake shafa shi, saboda hasken rana na karya ƙarfinsa, bayan an wanke fuska ta bushe sarai, kuma gwargwadon ƙwayar wake guda ya ishi fuska duka, a kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da leɓe. Mai farawa zai ɗauki mai sauƙi, kamar na kashi 0.025 cikin ɗari, ya riƙa tsallake dare ɗaya ko biyu har fata ta saba, yana bin sa da mai mai laushi. A makonnin farko fuska kan yi zafi ta yi saɓa, kurajen ma su ƙaru ga wasu, alhali amfanin ba ya bayyana sosai sai an yi mako 8 zuwa 12. A nan ne mafi yawa ke rabuwa gida biyu: wasu su jefar da shi su ce ba ya aiki, wasu su ninka shi safe da yamma don su ga sakamako kafin Juma'a. Na biyun sun fi cutuwa, domin baƙar fata idan ta ƙone tabo take bari, wanda kan yi watanni bai gushe ba, balle a ce lokacin hunturu ne, sa'ad da fuska ke tsagewa ko ba magani. Da rana kuma wajibi ne a nemi inuwa, ko lema, ko malafa, tare da man kariya daga rana ga mai hali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne inda maganin ya ƙare a kasuwanninmu. A 1975 Kligman ya bayyana wani haɗi na tretinoin da hydroquinone da maganin kumburi na dangin sitiroyid, domin duhun fuska mai taurin kai, a yi amfani da shi na ɗan lokaci a ƙarƙashin idon likita. Yau irin wannan haɗi ne mai gyaran jiki ke matsewa daga kwalayensa zuwa cikin roba, ta zuba man shafawa a kai, ta juya da cokali, ta ɗura a kwalbar da ba ta da suna balle awo, ta ce wa amarya ta shafa har ƙafa kafin ranar kamu. Sitiroyid ɗin yana ɓoye zafin na ɗan lokaci, yana kuma sirantar da fata ya haifar da nankarwa da sababbin kuraje, sai rana ta sami fuskar da aka tuɓe wa garkuwarta. Ba banza ba hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Akwai kuma abin da ya fi tabo nauyi. Ɗan'uwan tretinoin da ake haɗiya, isotretinoin, an tabbatar yana nakasa ɗan tayi. Na shafawa kuwa, ko da yake kaɗan ne ke shiga jini, likitoci sun haɗu a kan mai juna biyu da mai neman haihuwa su bar shi. Amaryar da ta tare da kwalbar haɗi a cikin kayanta ba ta san abin da ke ciki ba, balle ta san ranar dainawa, wadda ta sayar mata ma sau da yawa ba ta sani ba.

Ra'ayina shi ne kada a hana mutane tretinoin, domin budurwar da kuraje suka hana ta ɗaga kai a cikin jama'a tana da haƙƙin samun sauƙi, kuma likitocin fata ba su wadatu ba a garuruwanmu. Akwai ma ƙaninsa mai sauƙin zafi, adapalene, wanda Amurka ta bari a saya ba da takardar likita ba tun 2016. Abin da nake nema shi ne a sayar da shi a kwalinsa, da sunansa da awonsa, kuma mai kemis ya ɗauki amanar tambaya kafin ya miƙa: ko akwai ciki ko ana sa rai, wane mai ake shafawa yanzu, kuma ko mai saye zai iya jiran wata uku.