A San Abin Da Ke Ɗiga Kafin A Kama Hanyar Gida

Duk wanda ya zaga tashoshin mota na Agege, ko Mile 12, ko Sabo ta Badun da sassafe, lokacin da motoci ke tashi daga inda suka kwana, zai ga ƙasa duk ta yi tabo. Wani tabon baƙi ne wuluk, wani ja-ja, wani kuwa kamar ruwa aka zubar. Mai mota zai fito ya dube shi da wutsiyar ido, ya ce ai tsohuwar mota sai da yoyo, ya ɗauko galan ya ƙara abin da ya ragu, ya ta da inji ya yi gaba. Wannan hali na a ƙara a wuce ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan Arewa masu neman abinci da mota a Kurmi, kuma shi ne kan ajiye da yawansu a daji tsakanin Jebba da Mokwa ran tafiya gida.

Abin da ya kamata shi ne mai mota ya san abin da ke ɗiga, shi da kansa, tun kafin ya kai wa bakanike. Wannan ba aikin sai wanda ya koyi kanikanci ba ne. Kwali ɗaya, da tocila, da hanci, da ɗan haƙuri sun isa.

Dalilin da ya sa abin ya fi damun mazauna Kurmi a fili yake. A Arewa ƙasa busasshiya ce, ɗigo ɗaya ya sauka za a gan shi, ƙura kuma takan manne wa mai ta nuna hanyar da ya biyo. A Ikko kuwa damina takan ɗauki wajen rabin shekara, ƙasa kullum a jiƙe, ga shi kuma baƙo ba shi da garejin kansa. A bakin titi yake ajiye mota, inda wata motar ta tashi ɗazu, saboda haka tabon da ya gani ma watakila ba nasa ba ne. Sa'an nan ga gosulo mai dafa inji, ga iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe. Motocin da yawancin mutane ke iya saye kuwa tsofaffi ne. Akwai sauran Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, akwai kuma tokumbo da suka gama ƙuruciyarsu a ƙasashen sanyi, inda ake watsa gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa bututun birki yake fara ci.

Kwali Ne Shaidar Farko

In an dawo aiki da dare, sai a sami wuri mai daidai a ajiye motar, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta tun daga lagireto har bayan giyabos, a danne shi da dutse. A yi masa alama don a san inda ya yi gaba da inda ya yi hagu. Da safe, kafin a ta da inji, a jawo shi a duba abu uku: inda ɗigon ya sauka, da launinsa, da warinsa.

Baƙin mai sananne ne. Sabonsa kamar zuma yake, in ya daɗe ya koma baƙi, kuma daidai ƙarƙashin inji yake sauka. Man giya na mota mai kuloci ya fi shi kauri, yana da wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, ana samunsa ƙarƙashin giyabos, ko kuwa a tsakiyar aksul na baya a mota irin 504 wadda ke ja da tayoyin baya. Man giyar otomatik ja ne sa'ad da yake sabo, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa. Irinsa ne kuma ake zuba wa sitiyarin motoci da yawa, don haka jan ɗigo a gaba kusa da fanbel ya fi yiwuwa na sitiyari ne.

Ruwan lagireto, in an sa masa maganinsa, kore ne ko shuɗi ko ja-ja, mai ɗan ƙanshi kamar alewa. In kuwa zallan ruwan rijiya ake zubawa, kamar yadda da yawa ke yi, launin tsatsa zai fito. A nan akwai kashedi. Wasu sukan dangwala su ɗanɗana don su gane, alhali kuwa maganin nan guba ne mai lalata ƙoda, zaƙinsa ma shi ke jawo yara da dabbobi. A shanye shi da yashi a kwashe, kada a bar shi kwance a ƙofar gida.

Akwai ɗigon da ba shi da laifin komai. Farin ruwa marar wari da ke sauka ta gefen fasinja bayan an kunna iyakwandishan raɓa ce kawai, haka ma 'yan ɗigon da salansa ke zubarwa da sanyin safiya. An sha karɓar kuɗin mutane a kan wannan raɓa.

Wanda Ba A Jira Da Shi

Man birki shi ne abin tsoro, domin ba ya yin babban tabo. Fari ne ko rawaya-rawaya, yana da santsi a yatsa, in ya zuba a jikin mota ya ɗaye fenti. Hanya mai sauƙi ta rabe shi da sauran ita ce a ɗiga shi cikin ruwa: baƙin mai da man giya za su taso sama, shi kuwa zai gauraye. Wurin nemansa shi ne cikin tayoyi, watau fuskar da ke duban ƙarƙashin mota, da kuma gindin 'yar robar da ake zuba shi. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama sitiyari ya koma hagu, robar nan kuwa tana gaban direba ne a cikin bonet. A leƙa ƙarƙashin ƙafar direba ma, don wani lokaci ta ciki yake sulalowa ya jiƙa darduma. Gaskiya ne man birki kan ɗan sauka a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, amma wanda ake ƙara wa kowane mako yoyo yake yi. Motar da birkinta ya fara yin laushi, ko yake tafiya ƙasa in an daɗe da taka shi, ba ta da hurumin ɗaukar fasinja ko da daga Agege zuwa Oshodi ne.

Fetur ma haka. Shi ba ya tsayawa a kwali, bushewa yake yi, amma warinsa ba ya ɓuya. Tsohon tiyo ne kan tsage kusa da kafireto ko bakin tanki, in kuma ya ɗiga a kan salansa mai zafi, sai dai labari. Ba da ashana ko fitilar kananzir ake neman wannan yoyo ba. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuwa, ko don aljihu mutum bai kamata ya bar fetur yana bin ƙasa ba.

Inda Ya Sauka Ba Nan Ya Fito Ba

Da yawan kuɗin da ake asara a gareji a wannan gaɓa ake yinta. Mai yakan gangara ƙasa, iska kuma ta kora shi baya in ana gudu, sai a gan shi yana ɗiga a mahaɗar inji da giyabos. Nan take a ce sil ɗin bayan inji ne, aikin da sai an sauke giyabos, alhali watakila gasket ɗin murfin saman inji ne ya bushe, wanda yaron gareji zai sauya kafin a sha shayi. Wani lokaci ma washar notin da ake zubar da mai ce aka maimaita har ta gaji, ko filta da ba a ɗaure da kyau ba, ko ɗan makunnin da ke kunna fitilar mai.

Maganin wannan shi ne a wanke injin tas da kananzir, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hodar jarirai a wuraren da ake zargi, a ta da motar ta yi zafi, sa'an nan a haska da tocila a nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Nan ne bakin zaren. Wasu manyan gareji suna da wani rini da ake zubawa cikin mai, ya riƙa ƙyalli in an haska shi da fitila ta musamman, da kuma famfon gwada lagireto, amma hoda ma tana aikin. A duba tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, domin in ya toshe, ko an cika mai ya wuce alamar geji, ƙarfin iskar ciki zai tura man ta kowane sil, a yi ta sauya sil yoyo yana dawowa. Mai Volkswagen ɗin nan da Yarabawa ke kira ijapa, wadda aka harhaɗa a Ojo daga 1975, ya tuna injinsa a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto.

Akwai kuma yoyon da ba ya taɓa ƙasa. In ruwan lagireto yana raguwa kwali kuwa a bushe, a zaro geji. In man ya koma kamar shayi da madara, ko salansa tana ta farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, to gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu a ciki. Kada dai a buɗe murfin lagireto da zafinsa, kada kuma a kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Hujjar Masu Cewa A Bari

Masu wannan hali suna da abin faɗa, kuma ba duka ne za a watsar ba. Sukan ce mota mai shekara 30 ba za ta rasa gumi ba, kuma kuɗin sauke giyabos ya fi na baƙin man wata shida, ga iyali a gida suna jiran aike. Gaskiya ne. Injin da ya ɗan yi damshi a gefe, geji bai motsa ba daga wannan juye zuwa wancan, ana iya lallaɓa shi. Amma wanda bai san abin da ke ɗiga ba, ta yaya zai san wanda ake lallaɓawa? Kuma da yayyafi kogi kan cika. Ɗigo 20 kimanin mililita ɗaya ne. In mota tana zubar da ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, mililita 180 ke nan a awa guda. Daga Ikko zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne, tafiyar da kan ci awa 20 in hanya ta yi tsauri, watau lita uku da rabi da 'yan kai, injin ƙaramar mota kuwa kimanin lita 4 yake ɗauka. Abin da ya yi kamar ba komai a zirga-zirgar cikin gari shi ne ke buga inji a hanyar Sallah.

Wasu kuma dabarun bakin hanya suka riƙe: sabulu a kan tankin fetur, ɗanyen ƙwai ko garin taba a lagireto, ruwan omo a madadin man birki. Sabulu da ƙwai suna iya kai mutum gari na gaba, amma in an bar su suka zama gyara, ƙwan zai toshe hanyoyin ruwa. Ruwan omo kuwa tafasa yake yi in birki ya ɗau zafi a gangara, a taka a ji wayam. Baƙin mai ma in an zuba shi a robar birki kumbura robobin ciki yake yi, ya lalata su gaba ɗaya.

Sa'an nan akwai batun ciniki. Baƙon da Turancinsa da Yarabancinsa ba su nuna ba, in ya shiga gareji ya ce mota tana yoyo kawai, ya miƙa wuyansa ne, ko bakaniken ɗan garinsu ne. Wanda kuwa ya zo da kwalinsa, ya nuna inda hoda ta jiƙe, ya ce a fara da nan, ko bai iya harshe ba an san ya san motarsa. Bakanike mai gaskiya zai ji daɗi an rage masa lalube, marar gaskiya kuma zai yi hattara. In za a sayo sil ko tiyo a Ladipo, a tafi da tsohon a gwada, a kuma tuna araha ba ta ado.

Saboda haka ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin da ke lodin Arewa su mai da duba ƙarƙashin mota da robar birki sharaɗi kafin a ba mota layi, musamman gab da Sallah. Ma'aikatan kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ba za su iya leƙa ƙarƙashin kowace mota ba, amma ɗan kamasho yana ganin inda kowace ta kwana. Masu motoci kuma su saya wa yaransu tocila, su koya musu launin kowane mai tun kafin su ba su sitiyari. Fasinjan da ya ga taya a jiƙe ta ciki alhali ba a yi ruwa ba, yana da ikon ya tambaya kafin ya biya kuɗin mota, in bai gamsu ba ya jira ta gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.