A Koya Wa Masu Kasafi Ƙidayar Mata

Jama'a, in an raba taki da iri da rance, wa ya kan karɓa? Maigida. To, wa ke sussuka da casar shinkafa da matsar man gyaɗa? Mata.

A 2003, a Maputo, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafi. Amma kuɗi ba su shiga cikin gida sai an yi musu jagora. A 2013 Ruwanda ta yi doka, ma'aikatu su riƙa nuna rabon mata a kasafinsu.

Mu ma a tara ma'aji da malaman gona, a koya musu tambayar kowane kaso: mata nawa zai kai wa? In ba amsa, kada a sa hannu.