Bulus da attajiran Korinti

Wajen shekara ta 54 bayan haihuwar Annabi Isa, Bulus, ɗaya daga cikin manyan masu wa'azin Kirista na farko, ya aika wa jama'arsa ta Korinti wasiƙa daga Afisa. Korinti birnin fatauci ne a ƙasar Girka, mai tashoshin jiragen ruwa biyu, inda ake auna mutum da dukiyarsa, da muƙaminsa, da iya bakinsa. Da wannan tiya suke auna abin bauta ma: a ganinsu, shi ne mai rinjaye, wanda wuya ba ta taɓa shi.

Sai ga Linjila tana cewa ceton duniya ya zo ta hannun wanda aka gicciye. A daular Rum, gicciye hukuncin bayi ne da ƴan tawaye, mutuwar wulaƙanci. Masu ilimi suka yi dariya, dariyar kuwa ta daɗe. Wajen 178, masanin falsafa Selsus ya rubuta littafi yana zargin addinin da tara bayi da jahilai. A 1857 an gano wani tsohon zane a jikin bango a birnin Rum: wani Kirista yana ɗaga hannu ga gicciyayye mai kan jaki.

Bulus bai ɓoye abin da ake wa dariya ba. Ya tuna wa mutanen Korinti cewa kaɗan ne a cikinsu ke da sarauta ko asali. Hujjarsa ita ce: da wayo ko arziki ke kai mutum ga Allah, da mai su ya samu abin taƙama. A koyarwar Kirista ceto kyauta ce, ba a cinikinsa, ba a gadonsa, ba a samunsa da takardar shaidar karatu. Kiristoci na cewa wannan ne ya kai su wurin waɗanda aka guda, kamar kutaren da mishan ke jiyya a Danja, kusa da Maraɗi.

Musulunci ya saɓa da tushen maganar, domin ya koyar cewa ba a gicciye Annabi Isa ba. Amma tambayar da ta girgiza Korinti tana nan a kasuwa da ofis. Attajirin da ke ɗaukar ribarsa shaidar yardar Allah, da ma'aikacin da ke ganin talaucin maƙwabcinsa alamar fushinsa, da tiyar wa suke awo?