Kulocin Ducati a Zauren Dakko

Makon jiya na yi kwana biyu a Dakko. Ina zaune a zaure bayan La'asar sai ɗan ƙanwata ya shigo da waya a hannu, ya durƙusa ya ce, "Kawu, don Allah dubi wannan." Bidiyon wani babur ne ƙirar Ducati, ta ƙasar Italiya, an buɗe masa murfin kuloci, farantai na juyawa a fili suna kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Bature ya ce wannan shi ne busasshen kuloci, irin na baburan tsere. Yaron nan har ya aro sifana. Niyyarsa ita ce ya mayar da Boxer ɗin da yake kabu-kabu da shi haka, domin kwana biyu kulocin na zamewa, kuma ya ji an ce mai ne ke sa santsi. Babur ɗin ma bai gama zama nasa ba, duk mako yake kai kuɗi.

Ban yi masa dariya ba, domin tunaninsa ya hau hanya: abin da ake so ya kama, me ya kai shi cikin mai? Amsar tana cikin ƙirar. Kulocin Boxer, da na Jincheng, da kusan duk baburan da ke bin hanyar Bakura zuwa Talata Mafara, jiƙaƙƙe ne. Farantai ne iri biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya: masu fata, waɗanda injin ke juyawa, da na ƙarfe zalla, waɗanda ke haɗe da giya. Sifirin ne ke matse su wuri ɗaya. Idan ka ja hannun kuloci suka rabu, sai ƙarfin injin ya daina isa ƙafar baya. Dukkansu suna wanka ne a cikin baƙin man injin, kuma man ne ke kwashe zafin da gogayyarsu ke haifarwa.

Shi busasshen kuloci an killace shi daga man. 'Yan tsere na son sa domin mai ba ya riƙe shi, kuma ƙurar fatarsa ba ta gurɓata man injin. Ladan hakan shi ne ƙara, da saurin cinyewa, da rashin jure doguwar gogayya. Kamfanin BMW na Jamus ya shafe shekaru da dama yana sa busasshen kuloci a manyan baburansa, amma a 2013 ya koma jiƙaƙƙe a sabon R1200GS. Mai tsere yana da makanikai da ke jiran sa bayan kowane zagaye. Ɗan ƙanwata kuwa buhun shinkafa biyu yake ɗaukowa daga gonakin da madatsar Bakalori ke shayarwa, ya ratsa yashi yana riƙe da rabin kuloci, sannan ƙurar hunturu na jiran duk abin da aka bari a buɗe. Kai, ko waɗannan babu, ranar da ya cire murfin Boxer ya tayar da shi, man injin ne zai malale a ƙasa, haƙoran da ke juya kulocin su ci juna.

Sai na tambaye shi wane mai yake zubawa. Ya ce wanda ya samu, wani lokaci na mota, wani lokaci na cikin kwalba da ake sayarwa a bakin hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 duk ɗan kabu-kabu ke neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma baƙin mai ne ya fi sauƙin yi wa ƙwauro, tunda ba ya kuka nan take. To, nan cutar take. Yawancin man motocin zamani akwai sinadarin ƙara santsi a ciki, domin mota kulocinta busasshe ne, ba ruwansa da man injin. A babur kuwa sinadarin nan kan farantai yake sauka. Shi ya sa tun 1998 masana'antun Japan suka fitar da ma'aunin JASO: idan ka ga MA ko MA2 a jikin galan, man ya dace da jiƙaƙƙen kuloci, MB kuwa na ƙananan babura ne marasa giya, waɗanda kulocinsu ba ya taɓa mai. Haruffa biyu ne kawai, amma sau nawa mai saye ke juya galan ya duba?

Abu na biyu ma ko sifana ba ya buƙata sosai. Hannun kuloci dole ya kasance da ɗan wasa kafin waya ta fara ja, kamar milimita 2 zuwa 3 a gindinsa. Samari na son su ɗaure shi tamau, wai ya fi kyan taɓawa. Wayar da babu wasa a jikinta kullum tana ɗan ɗage farantan, suna zamewa a ɓoye har su ƙone. Alamar ita ce ka murza mai a babbar giya, injin ya yi ihu, babur bai ƙara gudu ba. Idan kuma wasan ya yi yawa, giya ce za ta yi tauri, ka nemi firi ka rasa. Na yaron nan babu wasa ko na ƙwayar gero.

Washegari muka buɗe shi a tsakar gida, bayan mun tsiyaye man a roba. A nan na ga aikin da ya fi ba ni haushi: wani makanike ya cusa ƙananan zobban ƙarfe a ƙarƙashin kowane sifirin domin ya ƙara matsi. Dabara ce da ta yaɗu, kuma takan ɓoye zamewar na ɗan lokaci. Sai dai hannu ya yi tauri, waya ta riƙa shan wahala har ta tsinke, farantan kuma na ci gaba da mutuwa ba a sani ba. Biyu daga na ƙarfen sun yi shuɗi saboda ƙuna. Muka ɗora su kan gilashi, ɗaya ya ƙi kwanciya daidai, alamar ya lanƙwashe. Aka aika Mafara aka sayo sababbi tare da sifirin. Muka jiƙa masu fatar a sabon mai na 'yan sa'o'i kafin mu jera, muka ɗaure notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, domin ƙanana ne, da an matsa sun karye.

Wani zai ce mene ne abin cika shafi a kan kuloci. Wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ya san matsayin babur a ƙauyukanmu. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fitar da amfanin gona, kuma akwai hanyoyin da ba wanda ke fatan waya ta tsinke masa a kansu ana dab da Magariba. Ina ganin da makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara za su riƙa tara 'yan kabu-kabu yini guda su nuna musu waɗannan abubuwa biyu, mai da wasan waya, da an rage asara mai yawa.

Ranar Talata shi ya kai ni kasuwar Mafara, ni da buhun shinkafar da ƙanwata ta haɗo ni da shi. A hawan da ya saba yi masa ihu babur ɗin ya haye shiru. Da muka sauka na ga har yanzu bidiyon na cikin wayarsa. Ya ce, "Kawu, ƙarar ce dai take burge ni."